Jirgin da ɗaukewar wuta ke dawo da shi sama

Ranar 23 ga Janairun 1960, Jacques Piccard da wani hafsan sojan ruwan Amurka, Don Walsh, suka nutsa cikin tekun Pasifik a jirgin Trieste har gindin ramin Mariana, zurfin kusan kilomita 11. Saukar ta ci kusan awa biyar. Ana yawan yabon jarumtakarsu, kuma sun cancanta. Amma ni da nake cin abinci da aikin wayarin, wanda ya fi burge ni shi ne mahaifin Jacques, Auguste Piccard, da ya zana jirgin.

Mutanen biyu suna takure ne cikin wata ƙwallon ƙarfe mai faɗin kusan mita biyu, kaurin bangonta ya haura santimita 12, don matsin ruwan can ƙasa ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau dubu. Ƙarfe mai irin wannan nauyi ba ya tasowa da kansa. Sai aka rataye ƙwallon a ƙarƙashin wani ƙaton tanki cike da fetur. Fetur ɗin ba na inji ba ne. Ya fi ruwa rashin nauyi, kuma matsi ba ya takure shi yadda yake takure iska, don haka shi ke ɗaga jirgin, kamar yadda gora ke ɗauke da masunci a Argungu.

Nauyin da ke jan su ƙasa kuwa tan da yawa ne na ƙananan ƙwallayen ƙarfe, cikin mazubai biyu masu baki a ƙasa. Ba murfi aka sa ba, maganaɗisun lantarki ne ke riƙe da su. Muddin akwai wuta, ƙarfen yana cunkushe a bakin. Batir ya mutu, ko waya ta tsinke, ko da mutanen ciki sun suma, sai ƙarfen ya zube, fetur ya ɗauko su sama. Duk wanda ya taɓa haɗa famfon rijiyar burtsatse ya san yawancin kayanmu akasin haka suke: wuta ta tafi, komai ya tsaya cak. A kilomita 11 ba mai zuwa gyara.

Wajen mita 9,000 wani gilashin waje ya tsage da ƙara har jirgin ya girgiza, suka duba, suka ci gaba da sauka. Minti 20 suka yi a ƙasa, sannan suka katse wutar maganaɗisun da hannunsu. Hawan ya ɗauki awa uku da kwata.