Gayyar da Na Tarar Cikin Kalmar "Bee"

A makon jiya ɗiyar ƙanwata ta dawo daga makaranta a nan Birnin Kebbi da murnarta, ta ce, "Kawu, an zaɓe ni shiga gasar spelling bee, amma me ya haɗa harhaɗa haruffa da ƙudan zuma?" Tambayar ta mayar da ni aji uku na firamare, ranar da malaminmu ya zana ƙwaro a allo, ya rubuta "bee" a ƙarƙashinsa, muka yi ta maimaitawa muna jin daɗi domin furucinta ya yi kama da namu "bi". Abin da ya ɗaure mini kai a lokacin shi ne yadda Bature ya ba ƙwaron suna daban, ya kuma kira abin da yake samarwa "honey", alhali mu kalmar zuma ta ishe mu, sai dai mu ƙara "ƙudan" ko "ruwan" a gabanta idan muna son rarrabewa.

Sai da na girma na lura cewa ba abu ɗaya mu da su muke gani a jikin wannan halitta ba. Bahaushe ya ce zuma ga zaƙi ga harbi, ya kuma ce zuma sai da wuta, kuma duk wanda ya taɓa ganin an hau bishiya da dare da bakin wuta domin a sauke amya ya san ba a banza aka faɗa ba. Turanci kuwa ƙwazonta ya fi ɗaukar hankalinsa. Mutumin da ba ya zama, kullum yana kai da kawo a kan aiki, shi ne "busy as a bee". Wanda ya miƙe kai tsaye zuwa wani wuri, ba ratse ba waiwaye, an ce ya yi "beeline", kamar yadda ƙudan zuma ke komawa amya da guzurinta. Macen da ta mamaye ƙawayenta, sai abin da ta ce, ita ce "queen bee".

Amma wadda ta fi taɓa zuciyata ita ce ta tambayar yarinyar nan. A ƙauyukan Amurka na da, idan maƙwabta suka taru domin su taya ɗayansu ɓare masara, ko kaɗi, ko ɗinkin bargo, wannan taron ma "bee" ake kiransa, kuma daga nan sunan ya koma kan taron yara masu gwada iya haruffa, wanda gasarsa ta ƙasa baki ɗaya ta fara a 1925. Wannan ai gayya ce. Ita ce dai wadda na tashi ina gani a fadamun Argungu, inda samari ke taruwa a gonar mutum ɗaya da kiɗa da fura, su gama masa noman da zai ɗauke shi mako guda kafin la'asar. A ganina malaman Turanci suna ƙwarar yaranmu idan suka bar su da haddar kalmar, ba su nuna musu cewa muna da tamkarta a gida ba.

Da na bayyana mata haka, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "To Kawu, ashe gayyar haruffa za ni." Tun ranar, kowace yamma bayan Magariba nakan karanto mata kalmomi 20, ita kuma tana jero haruffansu.