Kwamfutar da Ta Cinye Mini Babur

Daren Juma'a ɗan yayata ya faɗo shagona yana washe baki, ya miƙo mini waya. Hoton kwamfutar gem ce, laftof ta hannu, baƙa wuluk, maɓallanta suna walƙiya ja da shuɗi sai ka ce motar amarya. "Kawu, i7 ce fa, Landan yus. Da ita zan fara tace bidiyon biki." Na ce masa i7 ai sunan ƙwaƙwalwar cikinta ne, ta wace shekara ce? Ya yi tsuru yana kallona. Gabana ya faɗi, domin ni ma haka na taɓa yin tsuru.

A 2019 na sayar da babur ɗina na sayi irinta. Mai shagon ya kunna mini wasan tseren mota, hoto tar, ba ko gargada, na ƙirga kuɗi ban ko nemi ragi na kirki ba. Kada a ce wauta ce zalla, lissafina yana kan hanya. Kwamfutar gem tana da katin hoto nata daban, wato na'urar da ke sarrafa hoto, kuma manhajojin tace bidiyo, Premiere da DaVinci Resolve, suna jingina da shi, musamman ta biyun. Sabuwa mai ƙarfinta ta fi ƙarfin aljihuna. Wa zai zarge ni? Sai dai abin da ban tambaya ba shi ya kayar da ni: ashe ƙirar 2015 ce, katin hoton gig 2 kacal, kuma ba wanda ya taɓa buɗe cikinta tun daga masana'anta.

A sanyin hunturu muka yi amarci lafiya. Da Afrilu ya kama, zafin Kano ya haura digiri 40, sai hali ya fito. Minti goma da fara fitar da bidiyo, fankokinta su ɗauki kuka kamar injin markaɗe, aikin rabin awa ya koma awa uku. Haka aka ƙera su: in zafin ƙwaƙwalwar ya doshi digiri 100, sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Mai gyara da ya kwance ta, ƙurar da ya zaro daga mafitar iska ta isa a yi matashin kai, man da ke ɗebe zafin kuwa ya bushe ya zama ƙanzo. Cajar ma ba tata ba ce, ƙarama aka haɗa ni da ita, shi ya sa batir ke sauka alhali tana jone. In Nepa ta ɗauke kuma, ƙarfinta ya bi wutar, don waɗannan injuna ba sa sakin jiki a kan batir.

Duk wannan da sauƙi a kan maganar launi. Masu gem gudun allo suke nema, shi ya sa ake yi musu tallan allo mai hoto 144 a daƙiƙa, mu kuwa bidiyonmu hoto 25 ne ko 30 a daƙiƙa, launi muke bukata, kuma allon masu arahar cikinsu a koɗe yake. Ina ganin hoto ya yi fari-fari sai in ƙara ja. Na kai aikin wani kamu, aka saka a talabijin ɗin falo, ankon ƙawaye da yake ruwan goro ya koma jan manja, fuskar amarya kamar an gasa ta. Uwar amarya ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Malam, wannan 'yar wa ka ɗauko mana?" Har yau ban karɓi cikon kuɗina ba, ban kuma nema ba. Ko da yake, a gaskiya, hasken zauren ma ba shi da kyau, ba laifina ba ne ni kaɗai.

Na yi niyyar jero muku shawara goma, na ga ba za ku karanta ba, ku da bidiyon minti ɗaya ma sai kun tsallake, don haka ga kaɗan.

Ka je da naka bidiyon a filashi, wanda ka ɗauka da wayarka, ka sa ta fitar da shi na awa guda a gabanka, da cajarta ta asali. Ka sa hannu a mafitar iska. Mai kaya ya ce yana sauri, kai ma ka yi saurin fita. Ram ɗin, wato ma'ajiyar da take aiki da ita nan take, kada ya gaza gig 16. Kusan duk ƙwaƙwalwar Intel da ke ƙasa da zubi na 8 ba ta cikin jerin waɗanda Windows 11 ke karɓa, ga shi an daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. Kuma ka sani a 2021 an sha kwana ana haƙar kirifto, kuɗin intanet, da irin waɗannan, dare da rana, ba wanda zai rubuta maka haka a jikinta.

Ni dai da za ka ji tawa, kada ka saya. Haɗa ta tebur, ta fi arha, ta fi shan iska, abin da ya mutu a canza shi. Amma fa ita da an ɗauke wuta aikinka ya tafi, tsohuwar tawa kuwa, duk lalacewarta, batirinta ya sha ba ni minti ashirin ɗin da zan adana aiki. Da ita na biya hayar shagon nan shekara biyu. To ka saya ɗin, in ta ci jarrabawar awa guda.

Abin da ke ba ni haushi, rabinku ba tace bidiyo ne a ranku ba. Gem ɗin ƙwallo kuke son bugawa har asuba, kun fake da sana'a don Hajiya ta buɗe jaka. Wanda bai taɓa gama bidiyo biyar da manhajar CapCut a waya ba, me zai yi da katin hoto?

Duk na faɗa wa ɗan yayata wannan, yana ta gyaɗa kai, idonsa na kan waya. Da na kai aya sai ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, ai tun la'asar na tura wa mai ita kafin alƙalami."