Saƙon kuskure a rustc, kompailan yaren Rust: daga jimla zuwa tsari

Kompaila da yawa, wato manhajojin da ke fassara kod zuwa abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, da hanya mai sauƙi suke farawa: a ga kuskure, a haɗa jimla, a buga a allo. Wahalar tana ɓullowa ne ranar da edita, wato manhajar rubuta kod, ya nemi saƙon a tsararriyar sigar bayanai ta JSON, ko umarnin `cargo fix` na Rust ya so ya gyara kod da kansa. Ciro layi da wurin gyara daga zallar jimla kame-kame ne kawai.

Shi ya sa a rustc kowane saƙo yake ɗauke da matakinsa (kuskure ko gargaɗi), lambarsa kamar E0308, wurin da abin ya faru wato `Span`, ƙananan bayanai, da shawarar gyara. Shawarar ma tana da darajar aminci kashi huɗu, kuma wadda aka yi wa alamar `MachineApplicable` ce `cargo fix` yake aiwatarwa. Ka liƙa wannan alamar a kan shawarar da ba ta tabbata ba, ka lalata wa mutane kod ba su sani ba.

A ganina, inda aikin ya fi armashi shi ne `ErrorGuaranteed`, wata shaida a cikin kod ɗin rustc. Ba ya ɗauke da bayani, ko bayit ɗaya bai ci ba, amma ba ya shigowa hannunka sai an riga an fitar da kuskure. Duk sashen da zai ce "na kasa" dole ya nuna shi. Wannan ya toshe tsohuwar ɓaraka, inda kompaila ke tsayawa shiru bai gaya wa mai kod laifinsa ba.

A 2024 Nicholas Nethercote, ɗaya daga cikin masu gina rustc, ya sauya sunan `DiagnosticBuilder`, abin da ake gina saƙo da shi, zuwa `Diag`, ya kuma sa `emit`, mai fitar da saƙo, ya cinye saƙon gaba ɗaya. A da kana iya fitar da saƙo sannan ka ci gaba da ƙara masa bayanin da ba wanda zai gani. Yanzu kod irin wannan ba zai haɗu ba ma. In kuwa ka gina saƙo ka yar ba tare da `emit` ko `cancel` (sokewa) ba, kompailan zai rushe nan take.

Gatan mai irin wannan gyara shi ne fayilolin gwaji na `.stderr` da ke `tests/ui`, masu ɗauke da saƙonnin da ake sa ran kompailan zai buga. In tsarin cikin kompailan kawai ka taɓa, bai kamata harafi ɗaya ya canza a cikinsu ba. A yi hattara da zaɓin `--bless` wajen gudanar da gwaji, don sabon sakamako yake rubutawa a kan tsoho, daidai ne ko ba daidai ba. Raba sauya suna da sauya hali, kowanne da kwamit ɗinsa, wato ƙunshin canjinsa daban, ka karanta bambancin layi-layi kafin ka tura.