Kwali uku a ƙarƙashin gado

Ƙannena da kuka fara koyarwa ko aikin ofis a fannin lafiyar al'umma, bari in ba ku labarin kwalayen taliya guda uku da ke ƙarƙashin gadona. Takardu ne cike. Gara ta riga ta cinye rabin na ƙasan.

A daminar 2018, da kwalara ta ɓarke a yankin Madarunfa da ke jihar Maradi a Nijar, na fita da ɗalibai ƴan istaji, masu koyon aiki. Kowane mara lafiya muka samu sai mun rubuta shekarunsa, rijiyar da gidansu ke ɗiban ruwa, kwana nawa ya yi yana amai da gudawa kafin a kawo shi, da ko ya ci kasuwa a ƙetaren iyaka cikin satin. Hannuwanmu har tsagewa suka yi don ruwan kulorin. Da abin ya lafa na ɗaure takardun da igiya, na ce sai hutu in zauna in rubuta.

Hutu ya zo, taron ƙara wa juna sani ya zo tare da shi. Kwana biyar a otel, ga abinci, ga perdiyam, kuɗin da ake ba mahalarta kowace rana. Ba na zagin perdiyam, shi ya rufa min asiri a sallar layya fiye da sau ɗaya. Amma daga wannan taro sai wancan, har na tara takardun shaidar halarta masu cika jaka, ban rubuta ko shafi ɗaya na aikina ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarin girman malamin jami'a a ƙasashenmu yana bi ta hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, wadda aka kafa a 1968. Kowace shekara kwamitocinta na zama su duba dosiye, wato takardun masu neman ƙarin girma, kuma abin da suke auna nauyinsa shi ne binciken da ka buga a mujallun da masana ke tantancewa, da ɗaliban da ka kula da kundinsu, da darussanka. Kwanakin da ka yi cikin tanti kana canza ledar ƙarin ruwa, Allah ne zai biya ka. Wani dattijo cikin malamanmu ya juya dosiyena gaba da baya, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, aikin na gani. Ina rubutun?"

Na koma gida na jawo kwalayen, sai na tarar da babbar ɓarakar. Ban nemi izinin kwamitin da ke duba ɗa'ar binciken lafiya ba kafin mu fara tambayar mutane, kuma babu takarda ko ɗaya da ke nuna sun amince a yi amfani da bayanansu. Mujallar kirki wannan take fara tambaya. Izinin nan tun aikin yana kan takarda ake nemansa, ba bayan an dawo daga ƙauye ba.

Abin da ya fi ci min rai, a Madarunfar nan dai aka yi gwajin rigakafin Rotasiil, na cutar gudawar yara, wanda ke jure zafi. Cibiyar bincike ta Epicentre, ta ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, ta fara shi a 2014 tare da ma'aikatar lafiya. Jarirai sama da 3,500 aka bi, sakamakon ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 2017, ya nuna kariyar kusan kashi 67 cikin 100 daga gudawa mai tsanani da ƙwayar rota ke jawowa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Hanyar da nake bi ita suke bi, ƙurar da nake sha ita suke sha. Su dai sun tsara kafin su fita, sun rubuta da suka dawo.

Kuskurena na biyu ya fi ban haushi, don ƙarami ne. Allon sanarwa yana nan bakin ofishin sakatariya, ni kuwa kullum wucewa nake, gaisuwa ma daga nesa. An liƙa sanarwar bursu, wato tallafin kuɗi, ta karatun bin diddigin annoba, ban gani ba sai saura kwana shida a rufe. Fasfona ya mutu. Kwafin digirina babu hatimin ma'aikatar magajin gari. Wanda zai sa hannu a wasiƙar goyon baya ya tafi Yamai. Abokin aikina da ya samu bai fi ni ƙwaƙwalwa ba, shi dai takardunsa na cikin leda guda, a shirye, wani kwafin kuma a wayarsa. Kuma yana tsayawa ya gaida sakatariyar har ya tambayi yara. Ita ce ke fara ganin kowace wasiƙa.

Sai Ingilishi. Katsina na nan kusa da hancinmu, amma na tsaya ga Faransanci kaɗai, alhali yawancin mujallun fanninmu da Ingilishi suke fita. Tsarin Hinari tun 2002 yake buɗe wa makarantun ƙasashe irin tamu dubban mujallu kyauta. Na daɗe ban ko tambayi mai kula da ɗakin karatu yadda ake shiga ba.

Yanzu ina da ɗaliba guda da ke son bin yaran da ake ba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, ta gano me ke sa wasu iyaye ba sa ba da ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku. Na hana ta taka ƙauye ko ɗaya sai izini ya fito. Ta yi fushi, ta ce damina za ta wuce. Jiya na sa aka ɗauko kwalin da gara ta ci, na ajiye mata shi a kan tebur.