Daga Tasawa zuwa Damagaram, ta hanyar da Nasara suka biyo

Duk motar da ta tashi daga Maraɗi za ta Damagaram, sawun rundunar Faransa ta 1899 take bi, ko direba ya sani ko bai sani ba. Da gangan na yi tafiyar nan cikin damina, don in ga ƙasar a yanayin da suka same ta.

Mun ɗan tsaya a Tasawa, muka wuce Maijirgi. A wannan yanki ne kyaftin Voulet, wanda ke jagorantar rundunar tare da kyaftin Chanoine, ya sa aka harbe kanar Klobb ranar 14 ga Yuli, a Dankori, mutumin da gwamnatinsu ta aiko ya dakatar da ɓarnar da suke yi a hanya, irin wadda suka yi a Lugu da Birnin Ƙonni. Kwana biyu zuwa uku bayan haka, sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baki, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Amma rundunar ba ta watse ba. Laftanar Pallier ya karɓi ragama, suka ci gaba da nufo gabas.

Bayan Takeita na roƙi direba ya sauke ni a Tirmini. Gero ya kai ƙugu, duwatsu sun yi tsaitsaye can nesa, ƙasa kuma ta sha ruwa har takalmi na nutsewa. Wani dattijo da ke noma ya jingina hauyarsa, na gaishe shi.

"Baba, a nan aka yi yaƙin Nasara?"

"A nan wajajen ne, ɗana. Kakanninmu sun ce dawaki sun zo kamar fari, amma ba su kai ga Nasara ba."

Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin ita ce gundarin abin da ya faru a ƙarshen Yulin 1899. Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya fito da mahaya masu lifidi da 'yan bindiga. Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, kafin ka sake ɗura ta, mai bindigar harsashi ya harba sau da dama, kuma daga inda taka ba ta kaiwa. Ba ragwantaka ta ci Damagaram ba, tazarar makami ce. Sarki ya janye, Nasara suka shiga birni, a watan Satumba kuma suka cim masa suka kashe shi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu ke magana kamar kibiya da mashi kawai muke da su. Da na iso Birni, tsohon garin Damagaram, ɗan kabu-kabu ya zagaya da ni ta lungunan da ke tsakanin manyan duwatsu, ya nuna mini ragowar ganuwar Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884. Na dafa ta, jar ƙasa ce da ruwan shekaru ya zaizaye, amma kaurinta na nan. A zamanin Tanimu maƙeran garin nan suna zuba igwa ta tagulla, ana haɗa albarushi a gida, bindigogi kuma na zuwa daga Tarabulus a bayan raƙuma. Masana tarihi na ambaton igwa kusan 40 da bindigogi wajen 6,000. Da wannan ƙarfi ne Damagaram ta ɗaga wa Barno kai, ta kuma kai wa Kano hari.

A ƙofar fada na tarar da dogarai cikin riguna ja da kore, suka amsa gaisuwata da mutunci. Daga nan ana hango tudun da Faransawa suka gina sansaninsu, suka sa masa sunan kyaftin Cazemajou. Shi ne wanda aka kashe a garin nan cikin Mayun 1898, saboda zargin cewa zai wuce ya ƙulla da Rabe, mayaƙin da ya mamaye Barno, kuma fansar jininsa suka ce sun zo ɗauka. Wurin da suka zaɓa ya isa bayani: duk wanda ke kansa yana kallon fada da Birni a ƙarƙashinsa, yana kuma ganin Zango, inda ayarin Abzinawa ke sauka.

Daga Damagaram ɗin nan hafsoshin Faransa Joalland da Meynier suka wuce tafkin Cadi, kwamanda Lamy ya biyo su daga baya da tasa rundunar, suka gwabza da Rabe a Kusseri ranar 22 ga Afrilun 1900. Garin kuwa ya zama hedikwatar mulkinsu a Nijar, har 1926 da suka mayar da ita Yamai.