Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Allurar da Baffa ya ɗora wa laifi

Makon jiya na tsaya a inda aka fara yi wa Yaya Babba ƙarin ruwan kemo a Yawunde, saboda sankarar mama. Zagaye na biyu bai yiwu ba. Likita ta ce fararen ƙwayoyin jininta sun yi ƙasa, ko zazzaɓi kaɗan zai iya tafiya da ita. Ta rubuta allurar filgrastim, mai zaburar da ɓargo ya ƙera sababbi.

Ni na riƙa ɗauko ta a 'yar kula da ƙanƙara, daga Yawunde a jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundare, sannan mota har Garwa inda Yaya take, ina taɓa murfin kowane lokaci don zafi na lalata ta. Bayan allura Yaya takan kwana tana cewa ƙugunta da ƙasusuwanta na sara.

Da Baffa ya ji aikin allurar, sai ya ce, "Ɗana, taki ba ya tambayar wane ne gero, wane ne ciyawa." Wai abin da ke haɓaka jini zai haɓaka cutar. Ranar sadakar uku ta rasuwar Yaya ya maimaita, gaban surukai, yana kallona.

Shekaru sun shuɗe kafin 'yata, mai karatun likita, ta zaunar da ni. Ta ce, "Baba, tambayarsa ba ta banza ba ce, amma ya saɓa wuri." A ɗakin gwaji an ga ƙwayoyin wata sankarar jini, ta ɓargo, suna yaɗuwa idan aka zuba musu irin wannan sinadari, don suna da mazaunin da yake kamawa. Akwai kuma eritiropoyetin, allurar jajayen ƙwayoyi: a 2003 bincike kan masu sankarar kai da wuya ya nuna waɗanda aka yi wa sun fi saurin taɓarɓarewa, a 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta tsananta gargaɗi a kanta, har da haɗarin daskarewar jini. Yaya ba a taɓa yi mata wannan ba, jini aka ƙara mata, nawa ma a ciki. Filgrastim kuwa tun 1991 ake ba masu kemo, kuma su masu sankarar mama na cikin waɗanda aka fi yi wa.

Gero da ciyawa! Mutumin da ya hana a kai ta asibiti tana ɓoye ƙullutu a ƙarƙashin mayafi, ana shafa mata saiwa har ya fashe. Ko sefa ɗaya bai sa a kuɗin jirgi ba. Allah ya jiƙansa, amma 'ya'yansa na karanta wannan shafi, su ji.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, sai batun gonar Yaya ta bakin Binuwai da yadda aka raba ta.