Wasiƙa daga Shefild: Tsofaffin Cokulan Turawa Masu Ruwan Azurfa

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga Shefild, birnin maƙeran wuƙaƙe na Ingila, wanda majalisar dokoki ta amince da ƙungiyar maƙeransa tun 1624. A shagunan gwanjo na nan ana yawan samun akwatin katako mai shimfiɗar ƙyalle a ciki, an jera masa kayan cin abincin mutum shida ko goma sha biyu: cokalin miya daban, na shayi daban, cokali mai yatsu babba da ƙarami, har da wata wuƙa marar kaifi wadda ba ta da aiki sai cin kifi. Da irinsa ake yi wa ango da amarya gudummawar biki a da, yanzu kuwa jikoki ke sayar da shi da araha, kuma tunda kayan gwanjon Turai na isa kasuwanninmu, ya kamata mai saye ya san abin da ke hannunsa.

Mafi yawan waɗannan cokula ba azurfa zalla ba ne. Wajen 1743 wani maƙerin garin nan, Thomas Boulsover, ya gano cewa idan aka gasa fallen azurfa a kan jan ƙarfe sai su manne, a iya miƙar da su tare. Wannan dabara ta ci kasuwa har 1840, lokacin da George da Henry Elkington na Bamingham suka yi rajistar hanyar shafa azurfa da lantarki, wadda ta karya farashi har masu matsakaicin ƙarfi suka fara jera teburinsu irin na attajirai.

Saboda haka sai a juya cokali a duba bayan mariƙinsa. Idan an buga haruffan EPNS, to jikinsa haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, azurfar kuwa siririn shafe ce a sama, wanda ke goguwa a gindin cokali da bakin yatsu har launin ƙarfen ya leƙo. Azurfar Ingila ta ainihi kashi 925 ce cikin 1000, kuma tana ɗauke da hatimin zaki mai tafiya tare da alamar garin da aka gwada ta: kan damisa na Landan, anga (ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa) ta Bamingham, da kambi na Shefild, wanda daga baya aka maye gurbinsa da fure. Masu kayan shafe sun riƙa jera ƙananan tambura masu kama da na hukuma, don haka yawan tambari bai isa shaida ba. Zakin ake nema.

A ganina mai shafen ba abin rainawa ba ne, domin ƙirarsa da nauyinsa a hannu sun fi na cokulan zamani nesa ba kusa ba, illa dai kada a biya masa kuɗin azurfa. Ƙwai yana baƙanta shi, gishiri yana cinye shi, yawan dirza kuma yana kankare shafen, don haka sabulu da ruwan ɗumi da tsumma mai laushi sun wadatar. Game da ci da shi kuwa, hanin ci da sha a ƙwaryar zinare da azurfa sananne ne a hadisi, amma malamai sun yi saɓani a kan abin da aka shafa wa ruwansu kawai, sai kowa ya tuntuɓi malaminsa kafin ya sa shi a tuwo.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Shefild.